Shafi Bakwai

A Duluth gishiri ne ke cin mota.
Duk hunturu ana barbaɗa shi a titi don ƙanƙara ta saki,
shi kuma ya bi taya, ya kwana ƙarƙashin ƙofa,
kafin bazara tsatsa ta yi fure.
Haka Buick ɗin mahaifina ta iso hannuna:
injin lafiya lau,
fata kamar gindin tukunyar da aka manta a murhu.

Mai gareji ya zagaya ta sau biyu yana tsaki.
Dala dubu huɗu, in ji shi,
alhali ita kanta ba ta kai rabin haka ba.
Na gaba da shi ya ce ɗari shida,
sai dai feshinsa ba ya tambaya:
har roba, har fitila, har yanar gizo-gizon madubi.
Wani yaro ya ce a naɗe ta da leda mai sheƙi.
Na ce likkafani ke nan, ai ba ta mutu ba tukuna.

Arvid maƙwabcina, tamanin ba biyu,
wanda ya tsufa yana fentin jiragen tafki,
ya leƙo ta kan shinge:
"Signe, nemo fentin tarakta galan ɗaya,
rola ta soso, samfefa, da haƙuri.
Na ƙarshen nan ba a sayar da shi.
Tsinka fentin ya yi ruwa-ruwa kamar madara.
Mai kauri malalaci ne, hawaye zai yi miki."

Dala tamanin da bakwai, har da tef.

Ranar Asabar na durƙusa da bokiti,
ina gurza, ruwa na zuba ja-ja a siminti.
Ƙarƙashin ruwan ƙasa sai ga shuɗi.
Ƙarƙashin shuɗin, a ƙugun hagu,
wani ciko fari-fari, faɗin tafin hannu.
Na san wurin.
Ina 'yar shekara sha shida na ja da baya
na sumbaci ginshiƙin akwatin wasiƙa.
Bai ce uffan ba.
Da safe lotsawar ta ɓace,
uwata ta koma ga Mahalicci ba ta sani ba.
Can gefe, inda samfefarsa ba ta kai ba,
ga zanen babban yatsansa.

Na ajiye bokitin. Ranar ban ƙara ba.

Shafin farko abin kunya ne, ana hango tsohon jiki.
Na biyu ma haka.
Arvid ya ce, "Bar shi ya kwana."
Na gurza, na shafa, na bar shi ya kwana,
na tafi aikin dare a asibiti da kore a farce,
wata tsohuwa a gado na tara ta ce, "Sabon yayi ne?"
A na biyar sauro ya sauka bisa bonet,
ya buɗe fukafukai ya tsaya cak har abada.
A na shida hadari ya taso daga tafki,
muka ruga da tamfol, ni da tsoho,
yana zagin sama da yaren kakarsa.

Na bakwai kuwa ya kwanta luf.

In ka matso, ɓawon lemo za ka gani,
da hawaye ɗaya a ƙofar baya,
da kabarin sauro.
Ja da baya taku goma:
kore shar, gajimare na wucewa a rufinta.

Ƙugun hagu ban daidaita shi ba.
Akwai ɗan tudu da ido ba ya kamawa.
Duk asuba in na taso daga aiki,
kafin in laluba makulli,
nan nake fara ɗora yatsa.